Ranar da Muka Gasa Bututu Ni da Surukata

Shekarun baya, lokacin da matata take da cikin 'yarmu ta fari, muna zaune a Abbey Wood, a wani ɗan gidan haya mai ɗaki biyu da ɗan fili a baya. Na kusa shekara goma a Landan a lokacin, ina aikin jarida, kuma gaskiyar magana ina ji da kaina. Duk baƙon da ya zo daga gida ni ke tarbo shi, ni ke koya masa shiga tube, jirgin ƙarƙashin ƙasa, ni ke gaya masa irin rigar sanyin da zai saya. A ganina babu abin da ya rage a garin nan da ban sani ba.

Surukata ta zo daga Kano a farkon Disamba don ta zauna da 'yarta. Ba ta fi kwana goma da sauka ba haihuwa ta zo, saura mako uku lokacin da likita ya faɗa. Aiki aka yi wa matata. Jaririyar ta zo 'yar ƙarama, ga ciwon shawara, sai aka riƙe su a asibiti ana sa ta ƙarƙashin fitila. Asibitin kuma ba sa barin mai jinya ta kwana. Shi ke nan, gida ya rage daga ni sai surukata.

Wanda ya san kunyar surukuta ya san halin da na shiga. A Kano idan na je gaishe ta, daga bakin ƙofa nake durƙusawa, in gaida ta kaina a ƙasa, in tashi in tafi. Ban taɓa cin ko gyaɗa a gabanta ba. Yanzu ga mu a gida mai banɗaki ɗaya da ɗan siririn lungu da mutum biyu ba sa iya giftawa sai sun goga kafaɗa. Kafin in fito daga ɗaki sai na kasa kunne, in yi gyaran murya. Ita kuma idan ta gama girki sai ta rufe min nawa a kicin, ta ɗan ƙwanƙwasa bango, ta shige ɗakinta. In magana ta kama dole, iska take yi wa: “Ko akwai sauran gishiri a gidan nan?” Ni kuma in amsa wa firij: “Akwai, yana saman kanta.” A bas ɗin zuwa asibiti tana gaba, ina can kujerar ƙarshe.

A kwana na shida na tashi sallar asuba na ji hancina kamar ba nawa ba. Kwana biyu ke nan dusar ƙanƙara na zuba, amma sanyin ranar daban yake. Na buɗe famfon ruwan zafi don alwala, ruwan da ya fito sai da ya sa na yi salati. Na taɓa ƙarfen ɗumama ɗaki da ke jikin bango, sanyi ƙalau. Na shiga kicin na tarar da boiler, na'urar da ke dafa mana ruwa da ɗumama gidan, tana wani gurnani kamar mai kurkure baki, ga wasu haruffa da lambobi suna ƙyaftawa a fuskarta. Na danna reset, maɓallin sake tayar da ita. Ta yi kamar za ta tashi, ta sake yin shiru. Na danna sau uku, har da bismillah. Ko gezau.

Muna da wata 'yar hita mai amfani da lantarki, amma tun bara ta lalace, kullum ina cewa zan sayi wata.

Wajen ƙarfe takwas matata ta kira, muryarta wasai, rabon da in ji ta haka tun kafin haihuwa.

“Yau za su sallame mu! Sun ce da yamma. Ungozomar ta tambaye ni ko gidanmu da ɗumi, wai saboda yarinyar ba ta da jiki, ba ta iya riƙe zafi. Na ce mata gidanmu kamar tanda yake.”

Ina tsaye a kicin, numfashina yana fita kamar hayaƙi, na ce, “Ƙwarai kuwa. Komai lafiya lau.”

Na fara kiran masu gyara. Wani bai ɗauka ba. Wani ya ce sai jibi. Wata mata ta ce rabin unguwar ne ke kiransu tun safe, za ta rubuta sunana a layi. Ofishin masu kula da gidan kuma na'ura ce ta amsa min, ta ce kirana yana da muhimmanci a wurinsu. Na leƙa falo na ga surukata ta ƙudundune cikin bargo biyu tana jan carbi.

Don kada ta ji yadda nake roƙon mutane a waya, sai na fita filin baya. A nan na ji an ce, “Maƙwabci, boiler naka ya mutu?”

Maƙwabcinmu ne ta saman shinge, wani dattijo ɗan zangon Kumasi, tsohon direban bas da ya yi ritaya. Shekara biyu muna maƙwabtaka, gaisuwa kawai ke haɗa mu. Hausarsa irin ta zango ce, mace da namiji duk “ya” ne a bakinsa. Ni kuma da aikina shi ne gyara Hausar mutane, duk lokacin da ya yi magana sai in riƙa gyara masa a zuci. Allah Ya yafe min.

Na ce masa ta mutu, kuma yau za a kawo jaririya.

“Matanka ya haihu? Masha Allah! To boiler bai mutu ba, ƙanƙara ne ya shaƙe shi. Duba can.”

Ya nuna min da sandarsa wani farin bututun roba da ya fito ta bangon kicin ya gangara zuwa magudanar ruwa. Ya ce duk lokacin da boiler take aiki akwai ɗan ruwa da take fitarwa ta nan, ɗigo-ɗigo. Idan sanyi ya yi tsanani ruwan sai ya daskare a ciki, hanya ta toshe, ita kuma boiler ta kashe kanta don kada ta lalace. Sai ya ƙura wa bututun ido.

“Ina rigansa? Da can akwai riga a jikinsa.”

Akwai riga kam. Wani tsohon soso ne toka-toka, ya yayyage, gansakuka ta fito masa. Wata uku kafin nan, da aka tabbatar surukata za ta zo, na yi wa gidan gyaran fita kunya. Na share fili, na wanke tagogi, na dubi soson nan na ce wannan ƙazantar ba za ta tarbi baƙuwata ba. Da hannuna na yage shi na jefa a shara, har ina yaba wa kaina yadda bangon ya yi kyau.

Dattijon ya ce ba zai iya tsallakowa ba, ba a daɗe da yi masa aiki a ƙugu ba, amma abin ba wuya, in sa wa bututun ruwan ɗumi. Ni kuwa gaggawa ta riga ta toshe min kunne. A raina na ce in ɗumi zai yi a awa ɗaya, ai tafasasshe zai yi a minti biyar. Na koma kicin na ɗora babbar tukunyar da muke dafa shinkafar baƙi, na jira ta tafasa tana ɓalɓala, na kamo ta da tsumma na nufi ƙofar baya.

“Kai! Ajiye tukunyar nan.”

Saura kaɗan in sake ta a ƙafata. Surukata ce tsaye a ƙofar kicin, kuma ni take kallo, ido cikin ido. Tun da na auri 'yarta ba ta taɓa ce min “kai” ba.

“Tafasasshen ruwa za ka kwara wa robar da ta kwana cikin ƙanƙara? Ko kofin gilashi ka yi wa haka ai tsagewa zai yi. In ka fasa shi, wa zai ɗinke maka kafin la'asar?”

Daga bayan shinge dattijon ya ce, “Hajiya ya faɗi gaskiya!”

Ashe duk bayanin da ya yi min tana jikin taga tana ji, kuma ta fi ni fahimta. Ta ce in kawo bokiti in surka ruwan. Ta naɗe hannun rigarta ta tsoma gwiwar hannu, ta ce in ƙara na sanyi, ta sake tsomawa, ta ce ya yi. Ta ce in kwaso duk tawul ɗin da ke gidan. Kafin in dawo ta zura babbar rigar sanyina a kan hijabinta, ta sa takalmana na ruwa da suka yi mata yawa. Matar da tun zuwanta ba ta taɓa leƙa filin nan ba, ga ta da ciwon gwiwa.

Na ce, “Umma, ku zauna a ciki, ni zan yi. Sanyin nan ba zai yi muku daɗi ba.”

Ta ce, “Na ga irin yinka. Shimfiɗa min kwalin can.”

Ta durƙusa a kan kwali, ta ɗauki cokali tana ƙwanƙwasa bututun daga sama zuwa ƙasa, kunnenta a kusa. A sama yana amsawa kamar fanko. Da ta zo inda ya lanƙwasa sai sautin ya mutu, haka ma a bakinsa na ƙasa. Ta ce, “Nan da nan ne.” Ta tsoma tawul a ruwan, ta ɗan matse, ta naɗa a wurin, ta dafe da tafin hannu biyu.

“Gashi za a yi masa, kamar cibiyar jariri. A hankali ake bi.”

Haka muka kama aiki. Ita tana gashi, ni ina kai da kawo tsakanin murhu da fili, dattijon yana jingine da shinge yana ba da umarni kamar mai duba gini. Tawul ba ya minti uku sai ya huce. Wanda muka ajiye gefe kuwa kafin a waiwaya ya sandare kamar kilishi. A zuwa na biyar ko na shida, ruwan da nake ta zubarwa a hanya ya riga ya daskare, ban lura ba. Ƙafata ta tafi, na ji ni zaune daɓas a ƙasa, bokiti a cinya, a gaban surukata. Ta ja hijabi ta rufe baki, kafaɗunta suna rawa. Sai da ta gama sannan ta ce, “Sannu. Ka ji ciwo?” Dattijon bai ma ɓoye tasa dariyar ba, ya ce in barbaɗa gishiri a hanyar.

Ina tsugune kusa da ita ina miƙa mata tawul, ba tare da ta dube ni ba ta ce, “Wa ya cire masa rigar da bawan Allahn nan yake faɗa?”

Na ce, “Ni ne, Umma.”

“Saboda me?”

“Ta tsufa ne, ta yi datti. Na ce kada ku zo ku gani.”

Ta canza tawul, ta sake dafewa. Yatsunta sun yi jawur.

“Ni 'yata na zo gani, da abin da Allah zai ba ta. Ban zo duba bango ba.” Ta ɗan numfasa. “Ranar da na haifi matarka da damina ne. Mahaifinta, Allah Ya ji ƙansa, ya je sayen itacen wankan jego aka haɗa shi da ɗanye. Ya ji kunyar faɗa. Kwana uku muna shan hayaƙi, yana cewa murhun ne ba shi da kyau. Kowane namiji da ranar ruɗewarsa. Amma na ji abin da ka gaya mata ɗazu a waya. Tashi ka kira ta ka faɗa mata gaskiya. Gara ta ji a bakinka da ta gani a jikin 'yarta.”

Na koma gefe na kira. Na faɗa mata komai, har da soson. Ta ce ta gaji da asibiti, ta gaji da ƙarar na'urori, gida kawai take so. Amma in har ƙarfe ɗaya ta yi ba a gyara ba, za ta gaya wa ungozoma, su ƙara kwana. Sai ta ce, “Umma fa? Tana cikin sanyin nan?”

Na ce, “Tana waje tana gasa bututu.”

“Tana me?”

“Gashi. Da tawul. Sanye da takalmana.”

Ta fashe da dariya, tana yi tana cewa wayyo ɗinkina, don Allah in daina.

Mun kai kusan awa ɗaya da rabi. Har na fara karaya, ina tunanin wa zan roƙa ya ba mu ɗaki. Sai muka ji wani ɗan ƙas daga cikin bututun. Surukata ta ɗaga hannu alamar a yi shiru. Ta ɗauki kofi ta riƙa zuba ruwan ɗumi a kan lanƙwasar, siriri, ba gaggawa. Sai ga wata doguwar ƙanƙara kamar kyandir ta zamo daga bakin bututun ta faɗi, ruwa ya biyo bayanta shaa.

Dattijon ya buga sandarsa a shinge ya ce, “Je ka danna! Je ka danna!”

Na ruga kicin na danna reset. Boiler ta yi 'yan ƙananan ƙararrakinta, ta yi shiru. Sai na ji wuf, wuta ta kama. Bayan ɗan lokaci ƙarfen bangon falo ya fara ƙas-ƙas. Surukata ta shigo tana ɗingishi, ta ɗora tafin hannunta a kai, ta rufe ido. Ta ce, “Alhamdulillahi.” Ƙarfe goma sha biyu saura.

Na ɗauka an gama. Ta ce ina, wanda aka yi wa gashi ba a barinsa tsirara, in rana ta faɗi zai koma yadda yake. Ta sa na ɗauko wani tsohon bargo, ta yanka shi tsawo-tsawo da almakashi, muka naɗe bututun tun daga bango har ƙasa. Muka rufe da baƙar ledar shara don kada ya jiƙe, ta yaga gefen wani tsohon zaninta ta ɗaɗɗaure. Dattijon ya duba ya ce zai kai mu kwana biyu, amma in je in sayo soson da aka yi don waje, wanda ruwa ba ya shiga. Tunda ya samu mai saurare, sai ya ƙara min karatu: ko tafiya za mu yi da sanyi kada in kashe ɗumin gida gaba ɗaya, in bar shi ƙasa-ƙasa. In riƙa buɗe ƙofar kantar da ke ƙarƙashin wurin wanke-wanke don ɗumi ya kai ga bututun ciki. Famfon fili kuma in rufe shi daga ciki, in tsiyaye ruwan da ya rage. Daga ƙarshe ya tambaye ni inda makunnin ruwan gidan gaba ɗaya yake, wanda ake rufewa in bututu ya fashe. Shekara biyu a gidan, ban sani ba. Mun same shi a bayan buhun shinkafa.

Bayan la'asar na ɗauko su. Da na buɗe ƙofa ɗumi ya tarbe mu, da ƙamshin kunun kanwa. Surukata ta karɓi jaririyar a bakin ƙofa, ta buɗe fuskarta, ta daɗe tana kallo tana addu'a. Matata ta zauna a kujera, ta cire safa, ta miƙe ƙafa, ta fara kuka ba sauti. Ni dai na tsaya riƙe da jakunkuna.

Kwana biyu bayan haka na sayo soson, na sa shi, surukata tana tsaye a kaina tana nuna min inda na bar kafa a wurin lanƙwasar. Kunya ba ta tafi ba, kada ku ɗauka mun zama abokan wasa. Har ta koma ban ci abinci a gabanta ba. Amma na daina yi wa firij magana.

Da ta tashi komawa Kano bayan wata uku, tana haɗa kaya sai ta ce in ba ta ragowar soson nan. Na tambaye ta me za ta yi da shi. Ta ce bututun da ya sauko daga tankin saman gidanta a rana yake, da bazara ruwan azahar sai ya ƙona hannu. Na buɗe baki zan yi mata bayanin cewa wannan don sanyi aka yi shi, sai na tuna tukunyar shinkafa, na rufe bakina. Na je na sayo mata ƙari. Cikin watan Afrilu ta kira, bayan ta gama da 'yarta ta ce a ba ni wayar.

“Ka gaya wa maƙwabcin nan naka rigar ta yi aiki a nan ma. Yanzu da ruwan famfo nake alwalar azahar.”

Idan na tuna ranar nan, ba sanyin ne ke fara zuwa min ba. Abin da ke zuwa shi ne yadda na tsaya da wayata da Turancina da shekaruna goma, na rasa yadda zan yi, alhali amsar tana hannun mutum biyu da nake gani kullum ban taɓa tunanin tambayarsu komai ba. Ɗaya ina gyara masa Hausa a zuci, ɗaya ina ganin baƙuwa ce da ba ta san kan garin ba. Kuma da na ci gaba da ƙaryar da na fara da safe, da jaririya 'yar kwana shida ce za ta biya kuɗin girman kaina da jikinta.

Yanzu duk shekara, da ganyen bishiyoyi ya gama zuba, nakan zagaya bayan gida in duba soso, in rufe famfon fili, in murɗa makunnin nan in tabbatar bai cije ba. In na gama nawa sai in tsallaka gidan dattijon, don ƙugun ba ya barinsa durƙuso. Ni ke durƙusawa, shi yana tsaye da sandarsa yana nuna min inda ban yi daidai ba. Yawanci kuma da gaskiyarsa.